Shaidar abin da na gani wajen masu maimaita mantara

Ni ma'aikacin lafiya ne a ɓangaren motsa gaɓɓai, a kudancin Indiya na yi karatuna, kuma tun daga can nake bin diddigin mutanen da ke zama su maimaita kalma guda don zuciya ta lafa. Musulmi ne ni, ban karɓi mantarar kowa ba. Na dai zauna gefe na kalla, na tambayi masu koyarwa da masu koyo, na ƙirga numfashin waɗanda suka yarda in ƙirga. Abin da ke ƙasa shaida ce ta ido da kunne, da kuma abin da aikin asibiti ya nuna mini daga baya.

Mutanenmu kan fassara wannan zama da "zuzzurfan tunani", kuma fassarar tana ɓatar da mai koyo tun kafin ya fara, domin ba tunani ake nema a zurfafa ba, so ake ya yi sauƙi ya kwanta. Zan kira shi zaman natsuwa. Ita kuwa mantara kalmar Sanskirit ce, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, tana nufin lafazin da ake nanatawa. Galibin masu tambaya sun ɗauka asirin yana cikin kalmar. Ni abin da na gani shi ne hanyoyin sun fi rabuwa a kan yadda ake riƙe ta: da murya ko a zuci, a ɗaure da carbi ko da numfashi ko a sake, sannan me malami ya ce a yi idan hankali ya gudu. A wannan na ƙarshen ne za ka gane ko mai koyarwar ya san aikinsa.

Tsohuwar hanya ita ce wadda Indiyawa ke kira japa, wato ja da carbi. Carbinsu ƙwaya 108 ne, da ƙarin babba guda a ka, kamar limamin carbinmu, wanda suke kira meru. Mabiya Bishnu, ɗaya daga manyan abubuwan bautar Hindu, kan yi nasu da itacen tulsi, dangin ɗoɗɗoya, mabiya Shiba, wani abin bautar nasu, kuma da ƙwallon rudrakasha mai kaushi. Da hannun dama ake riƙewa, a ɗora zaren a kan yatsan tsakiya, babban yatsa yana jawo ƙwaya ɗaya bayan kowace faɗa, manuniya kuwa a ɗage take ba ta taɓa carbin. Idan aka iso kan liman ba a tsallake shi, sai a juya carbin a komo ta inda aka fito. Mataki uku suke koyarwa: faɗa da murya, faɗa da raɗa yadda leɓe ke motsi amma na kusa ba ya ji, sai faɗa a zuci kawai. Suna ɗaukar ta zuci a matsayin mafi daraja, amma gogaggen malami ba ya fara sabon ɗalibi da ita. Dalilin a bayyane yake: murya tana ba kunne aiki, carbi yana ba yatsa aiki, harshe ma yana da nasa, saboda haka ƙofofin da hankali zai sulale ta cikinsu sun ragu. Wanda aka jefa kai tsaye cikin ta zuci, kafin minti biyu ya tafi kasuwa ya dawo bai sani ba.

A al'adarsu ba a tsintar mantara a littafi. Malami ne ke raɗa ta a kunnen ɗalibi a wani biki na karɓa, ya kuma gyara masa lafazi har tsawon wasali ya zauna daidai. Yaron da aka rataya wa zaren addini a kafaɗa, mahaifinsa ko malaminsa ne ke raɗa masa mantarar Gayatiri mai gaɓa 24, wadda ake karantawa da asuba, da tsakar rana, da faɗuwarta. Akwai kuma masu ɗaukar alkawarin maimaita kowace gaɓa sau 100,000, wato mai mantara mai gaɓa biyar sai ya cika 500,000 kafin ya sauke nauyin.

Waɗanda suka fi kowa tsananta ƙirga su ne 'yan Hare Kirishna, ƙungiyar da Bhaktivedanta Swami Prabhupada ya kafa a birnin New York a 1966. Duk wanda ya karɓi hannu a wajensu ya yi alkawarin zagaya carbi sau 16 kullum, wato faɗa 1,728 na mantara mai kalma 16. Gwani kan gama zagaye ɗaya cikin kamar minti 7, saboda haka aikin yini yana cin kusan awa biyu, kuma sun fi son a yi shi kafin fitowar rana. Carbin yana cikin wata 'yar jaka da ake rataya a wuya, mai huda a gefe inda manuniya ke leƙowa waje, da wasu ƙananan ƙwayoyi na daban don ƙirga zagayen. Umarninsu guda ne: ka faɗa a fili, ka saurari abin da ka faɗa. Abin da ke lalacewa a nan gaggawa ce. Mutum ya ga rana na shirin fitowa, saura zagaye 6, sai ya fara haɗiye gaɓoɓi har lafazin ya koma gunaguni, yatsa na gudu, zuciya na wani gari. Adadin ya cika, zaman bai yiwu ba. Kuma su ba sa ɓoye cewa bauta suke yi: kalmomin sunayen abin bautarsu ne, tare da sharuɗɗan barin nama, da kayan maye, da caca, da zina. Na fi ganin mutuncin wannan fitowa fili a kan a lulluɓe wa mutum abu.

Kishiyar wannan ita ce Transcendental Meditation, wadda aka fi sani da TM, da Maharishi Mahesh Yogi ya fara yaɗawa a tsakiyar shekarun 1950, ta kuma cika duniya bayan mawaƙan Beatles sun je wajensa a garin Rishikesh na Indiya a 1968. Ba carbi, ba ƙirga, ba tanƙwashe ƙafa. Mutum ya zauna a kujera ya jingina bayansa, ya rufe ido, ya yi shiru kamar rabin minti, sannan ya bar kalmar ta taso a zuci a hankali, minti 20 da safe, minti 20 da yamma kafin cin abinci. Ba a ɗaure ta da numfashi. Idan ta yi sauri a bar ta, idan ta ja jiki a bar ta, idan ta dusashe har ta zama kamar inuwar kalma, ko ta ɓace gaba ɗaya, su a wajensu wannan ne ake nema. Idan mutum ya farga yana tunanin kuɗin haya, ba ya kokawa da tunanin, ba ya tsawata wa kansa, sai ya karkata ga kalmar cikin sauƙi kamar yadda ya fara. Da lokaci ya cika ya daina faɗa, ya zauna ido rufe minti 2 zuwa 3 kafin ya miƙe.

Dubi nisan da ke tsakani. Abin da malamin japa zai kira sakaci, wato kalma ta narke a baki, shi ne malamin TM ke kira ci gaba. Shi ya sa wanda ya saba da ɗaya yakan sha wuya a ɗayar, kuma wanda ya tsinci hanyoyin a intanet ya gauraya su yakan tashi da ciwon goshi, domin yana ƙoƙarin ya riƙe kalmar tamau kuma ya sake ta a lokaci guda.

Koyarwar TM kwana huɗu ce a jere, awa ɗaya zuwa biyu kowace rana, bayan laccar gabatarwa da 'yar hira da malami. Ranar farko daga ɗalibi sai malami a ɗaki. Bisa tsarin da aka san su da shi, ɗalibi kan zo da furanni, da 'ya'yan itace, da farin hankici. Malami ya tsaya gaban hoton Swami Brahmananda Saraswati, malamin Maharishi, ya kunna turare, ya rera wani yabo da Sanskirit na 'yan mintuna, sannan ya ba ɗalibin kalmarsa, su faɗa tare da murya, a riƙa sassautawa har ta koma zuci. Ana ce masa kada ya faɗa wa kowa. Sauran kwana ukun na bita ne a cikin jama'a, kuma a nan ƙarfin tsarin yake: kowa ya faɗi abin da ya same shi jiya, wanda barci ya kwashe, wanda ya ji tunani ya yi masa yawa, wanda kansa ya yi nauyi, malami ya gyara tun kuskuren bai zama ɗabi'a ba. Bayan haka ƙofa a buɗe take mutum ya koma a duba masa zamansa. Ana biyan kuɗi, kuma ba kaɗan ba.

Abu biyu ne ya wajaba Bahaushe ya sani kafin ya taka wannan ƙofa. Ƙungiyar tana cewa kalmomin sauti ne marasa ma'ana, kuma yabon godiya ce ga malamai ba bauta ba. Amma tsofaffin malamanta da suka fita sun wallafa jerin kalmomin, suka nuna cewa 'yan kaɗan ne, kuma bisa shekarun ɗalibi ake raba su, wani lokaci da jinsinsa. Sautukan kuma daga cikin waɗanda littattafan Hindu ke kira bija suke, wato iri, waɗanda a can ake danganta kowanne da wani abin bauta. Na biyu, wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta Amurka ta yanke a 1977 cewa darasin da aka shigar makarantun gwamnati da wannan hanya koyarwar addini ce, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1979. Ba zagin kowa nake yi ba. Na san mutanen da wannan zama ya taimaka musu ƙwarai. Amma wanda zai tsaya a ɗakin da ake rera yabo gaban hoto yana da haƙƙin ya san abin da ake rerawa.

Daga cikin TM ɗin ne hanyar da na fi amfani da ita ta fito. Herbert Benson, likitan zuciya a jami'ar Harvard, ya auna masu yin TM a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, ya ga bugun zuciya ya sauka, numfashi ya ragu, iskar da jiki ke ƙonawa ta ragu. Sai ya tambayi kansa ko kalmar ce ke yin aikin. Ya cire bikin, ya cire sirrin, ya ba mutane kalmar Turanci mai nufin "ɗaya", ya ga jiki ya amsa kamar yadda ya amsa a can. A 1975 ya fitar da tsarin ga kowa, kuma ana iya koyar da shi cikin rubu'in awa. A zauna a wuri mai shiru, a rufe ido, a saki tsokoki daga tafin ƙafa zuwa fuska, a yi numfashi ta hanci ba tare da an tilasta shi ba, duk lokacin da iska ke fita a faɗi kalmar a zuci. Minti 10 zuwa 20, sau ɗaya ko biyu a yini, ba a cikin awa biyu na bayan cin abinci ba, domin narkar da abinci yana dagula natsuwar. A leƙa agogo da ido idan ana so, amma kada a saita ƙararrawa, saboda firgitar da take yi tana rushe abin da aka gina. Benson ya ce abu biyu ne kawai ginshiƙai: abin da ake maimaitawa, da rashin damuwa idan hankali ya kauce. Daga baya shi da kansa ya riƙa ba marasa lafiya shawarar su zaɓi lafazi daga addininsu, domin ya lura wanda ya yi haka ya fi ɗorewa.

Raunin wannan hanya shi ne sauƙinta. Abin da aka ba ka a takarda guda ba tare da wanda zai tambaye ka gobe ba, mako biyu ya yi yawa ka ajiye shi.

Kiristoci ma suna da nasu, kuma su ma sun rabu a daidai inda Indiyawa suka rabu. John Main, wani ɗan zuhudun Katolika, ya koyi zaman a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya wajen wani malamin Hindu a shekarun 1950, ya dawo ya same shi a tsofaffin rubuce-rubucen addininsa, ya fara koyarwa a Landan a 1975. Kalmarsa Maranata ce, ta harshen Aramiya, ana raba ta gaɓa huɗu masu tsawo ɗaya, a faɗe ta daga farkon zama har ƙarshe ba tsayawa, minti 20 zuwa 30 safe da yamma, ko an ji daɗi ko ba a ji ba. Thomas Keating, shi ma ɗan zuhudun Katolika, da abokansa a Amurka suka ce a'a, a zauna shiru, kalmar sai lokacin da aka farga tunani ya ja mutum za a taɓa ta, sannan a sake ta. 'Yan Otodoks na Girka da Rasha kuma suna da igiyar ulu mai ƙulli 33 ko 50 ko 100, kuma dattawansu sun daɗe suna gargaɗin kada sabon shiga ya haɗa addu'ar da sarrafa numfashi ba tare da jagora ba.

Wannan gargaɗi yana da tushe a jiki. A 2001 Luciano Bernardi, likita ɗan Italiya, da abokan aikinsa sun auna mutum 23 suna karanta addu'ar carbin Katolika da Latin, da kuma wata mantara ta mabiya Buddha. Duka biyun sun saukar da numfashi zuwa kamar 6 a minti, alhali babba a zaune yakan yi 12 zuwa 20. Numfashi 6 a minti na nufin kowanne daƙiƙa 10, kuma hawa da saukar bugun jini a jijiyoyi yana da nasa kaɗawar mai kusan wannan tsawo, saboda haka sai su biyun su hau layi ɗaya, na'urar da ke daidaita hawan jini a jiki ta ƙara kaifi. Amma lura, tsawon jimlar ne ya ja numfashin da kansa. Wanda ya ji labarin ya zauna yana zuƙar iska da ƙarfi yana fesarwa don ya cika lissafi, yana zubar da iskar kabon fiye da kima, sai jiri ya kama shi, leɓe da yatsu su riƙa yi masa kamar ana tsira allura, ƙirji ya ɗaure, ya ɗauka wani abu ne ya shige shi. Maganin kawai ya daina ƙirga, ya buɗe ido, ya bar numfashi ya koma yadda ya ga dama. Haka yake faruwa ga masu hanyar so-ham, inda ake faɗin gaɓar farko da shigar iska, ta biyu da fitarta: kalmar ce ya kamata ta bi numfashi, ba numfashi ya bi kalmar ba.

Duk wanda ya tashi a gidan ɗariƙa zai ga wasu abubuwa da ya sani a nan. Batijjane yana karɓar lazimi da izini daga muƙaddami, istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Ƙadirawan Kano suna da zikirin anfasu da ke tafiya da numfashi. Ko wanda ba ya ɗariƙa yana da 33 sau uku bayan kowace salla. Amma kamannin a siffa kawai ya tsaya. Zikiri ibada ce, don Allah ake yin sa, ba don awon jini ba, kuma ba na yarda a mayar da shi ƙwayar magani. Abin da nake cewa kawai shi ne Musulmin da likita ya ce ya nemi hanyar kwantar da hankali ba ya buƙatar aron lafazin da bai san ma'anarsa ba. Hukuncin lafazi na malamai ne, a je a tambaye su. Nawa ɓangaren shi ne zama, da numfashi, da abin da za a yi idan abu ya karkace.

Ga mai hawan jini, ga yadda nake tsara masa. Kujera mai majingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannu a cinya, kai ba a jingine ba don kada barci ya samu gado. Minti 10 a makon farko, bayan asuba da kuma kafin magariba, a ƙara zuwa 15 ko 20 idan jiki ya karɓa. Lafazi ɗaya, kada a riƙa canzawa kullum, domin hankali sai ya saba da sauti kafin ya daina bincikensa. Kwana uku na farko da raɗa, sannan a koma zuci, duk ranar da kai ya cika da hayaniya a dawo raɗa. Na kan ce ya dawo bayan kwana uku, sannan bayan mako guda, domin wannan bitar ce na ga tana riƙe mutane a TM, kuma ita ce babu a takardar Benson. Tambayoyina ba sa wuce huɗu. Goshi ko muƙamuƙi na ciwo? To yana matse kalmar ne, ya sassauta haƙora, ya bar harshe ya kwanta. Barci na kwashe shi? Yawanci bashin barci ne jiki ke karɓa, ya gyara kwanciyar dare, ko ya matsar da zaman nesa da abinci. Yana tashi da fushi ko jiri? Yana zabura ne da zarar lokaci ya cika, ya ƙara minti 3 na shiru, mai shan maganin hawan jini kuma ya miƙe a hankali yana dafe da kujera. Yana ganin ya kasa saboda tunani bai tsaya ba? Wannan ne ke korar mafi yawan mutane, kuma babu ɗaya daga hanyoyin nan da ta yi alkawarin tunani zai tsaya. Fargar da dawowar su ne aikin, ko sau 50 ne a zama ɗaya.

Saukar da ake samu a awon jini ƙarama ce. Nazarce-nazarcen da aka tattara a kan TM sun nuna kamar maki 4 zuwa 5 a lambar sama, kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2013 cewa ta yi ana iya gwada shi a matsayin ƙari. Ƙari, ba madadi ba. Mai awo 170 da ya ajiye ƙwayarsa don ya fara zama, shanyewar ɓarin jiki yake kira.

Akwai kuma waɗanda ba na barin su rufe ido su kaɗai. Wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga ko mummunan haɗarin mota, shiru da duhu sukan buɗe masa ƙofar abin da ya gani, zuciya ta hau bugu, gumi ya karyo. Irin wannan ido a buɗe zai zauna, yana kallon wuri ɗaya a ƙasa kamar taku biyu a gabansa, da carbi a hannu, da murya a fili, minti 5 kacal, kuma da wani nasa a kusa. Wanda ya taɓa samun taɓin hankali, ko yake jin muryoyi, ko ya kwana uku bai runtsa ba kuma ba ya jin gajiya, likitan ƙwaƙwalwa zai fara gani kafin kowane irin zama. Mai lafiya ma kada ya ga minti 20 ya yi masa daɗi ya mayar da shi awa uku a rana ba tare da mai duba shi ba, domin a nan ne ake fara jin kamar jiki ba na mutum ba ne, ko duniya ta yi nisa kamar ana kallonta ta gilashi. Idan haka ta faru a dakatar da zaman kwana biyu, a ci abinci mai nauyi, a yi tafiyar ƙafa, a shiga cikin mutane, sannan a dawo da minti 10.